Na-Sani Ya Kai Matarsa Asibiti

Shekara ashirin da bakwai mutumin nan ya yi a tsaye a gindin injin niƙa, kuma duk wanda ya san ƙarar wannan abu ya san ba ta barin kunne da rai. Injin ya cinye masa na hagu tun tuni, ya koma yana lasar na dama. Amma ka kuskura ka faɗa masa, ka ga tashin hankali. A cewarsa yana jin tafiyar kyankyaso a bayan buhu. Mutane ne dai suka lalace, yanzu kowa magana yake kamar an cusa masa tsumma a baki.

Dabara biyu yake rayuwa da su. Ta farko kallon baki: in kana fuskantarsa, a cikin haske, yana tsintar rabin maganarka daga leɓɓanka, ya cike sauran da ƙarfin hali. Ta biyu kuwa amsoshi uku ne da yake juyawa bi da bi in bai ga baki ba: "Haka ne," "To, madalla," da "Ai na sani." Ta ukun ce ta zame masa suna. Duk layin Na-Sani ake ce masa, ba a bayan idonsa kawai ba, har a gabansa ma, muddin ka ɗan kau da fuska.

Wadda ta rufa masa asiri duk shekarun nan ita ce matarsa, Mai-Ɗinki. In baƙo ya yi magana, sai ta juyo ta fuskanci mijin, ta maimaita kamar mai mamaki: "Au, wato gobe za ku kawo masarar?" Shi kuma sai ya gyara zama ya ce ai ya ji tun ɗazu. Shekara goma sha ɗaya tana wannan aiki, ko sannu bai taɓa yi mata ba, domin in ya gode ya amsa laifi ke nan.

To sai ciwon yana ya rufe mata ido. Na dama ya tafi gaba ɗaya, na hagu saura hazo-hazo. Matar da take zura zare ba tare da ta daina hira ba, ta koma sai ta yi minti goma tana laluben kafar allura, a ƙarshe ta ajiye ta yi tagumi. Masu kawo ɗinki suka fara wucewa ta ƙofarta da ledojinsu suna gaisuwa daga nesa. Likitan da yake cire yana kuwa baƙo ne, sau biyu kawai yake zuwa asibitin a shekara. Wata bakwai sunanta yana cikin layi kafin kati ya fito: Litinin gwaji, Alhamis aiki.

"Ni zan kai ta, Baba," in ji Auta, 'yarsu mai koyarwa a makaranta. Ta tsaya daidai gabansa don ya ga bakinta.

"Ke a wa?"

"A 'yarta. Kuma a mai kunne."

"Ji mini yarinya. Asibitin nan tun ana haƙa harsashinsa nake niƙa wa leburori gari. Babu likitan da bai ci daga injina ba."

"Baba, takunkumi suke sawa. Ba za ka ga bakin kowa ba."

"Bakin wa nake nema? Ni kafin likita ya buɗe baki na riga na san abin da zai ce."

"Ai shi ne abin tsoron."

Sau biyu Auta ta taɓa yanko masa katin ganin likitan kunne. Na farko ya kwashe gari da shi daga bakin injin, na biyu yana nan ƙarƙashin ƙafar tebur yana hana shi girgiɗi. Ta buɗe baki za ta tuna masa, uwar ta tare ta.

"Bar shi, Auta, ke kina da ajinki. Ni ai ido na rasa, ba kunne ba. Duk abin da aka faɗa zan ji."

Kafin la'asar Na-Sani ya kai labarin bencin Mai-Aski, inda mazan layin suke zama, kuma a hanya labarin ya yi ƙiba. Yanzu ba kai mata kawai zai yi ba. Daga wannan mako, duk mai ciwo a layin ya zo wurinsa, shi zai shige gaba, shi zai yi magana da likitoci, don talaka bai san yadda ake zance da manya ba. Ranar Alhamis kuma Direba, maƙwabcinsu, zai kawo bas, a cika ta da maƙwabta, kowa ya je ya ga yadda ake karɓar mutum mai daraja.

Mai-Aski ya ɗaga almakashi daga kan wanda yake yi wa aski. "Kai da ko ƙahon mota ba ka ji?"

"Ina ji. Raina shi nake yi."

"Shekaranjiya saura ƙiris mai babur ya kwashe ka."

"Shi ya kauce ko ni na kauce?"

"Shi."

"To ka gani."

Ranar Litinin suka isa asibiti, Na-Sani ya sha babbar riga, kati cikin leda, ledar cikin wata ledar, duka a aljihun ƙirji. Yana shiga zauren jira ya bi fuskokin mutane da kallo. Daga mai shara har mai ba da lamba, kowa ya ɗaure rabin fuska da farin ƙyalle. Ido kawai ake gani, idon kuwa ba ya furta komai. Amma ya dake, ya shiga gaida mutane da ƙarfi kamar mai kiran wani a hayin kogi, har wata tsohuwa ta toshe kunne.

Aka kira sunan matar ta lasifika sau uku. Ita ce ta ja hannun rigarsa.

"Na ji," in ji shi. "So nake su maimaita, don a san mun zo."

Likitan da ya duba ta saurayi ne, shi ma da takunkumi, kuma rabin maganarsa da allon kwamfuta yake yi. Ya tambaya ba tare da ya juyo ba:

"Malam, kai ne mijinta?"

"Ai na sani."

Likita ya ɗan dakata. "Akwai maganin da take sha?"

"To, madalla."

"Na hawan jini yake nufi, likita," Mai-Ɗinki ta yi saurin cewa. "Ƙwaya ɗaya da safe."

Likita ya juyo da kujerarsa ya dube shi da kyau. "Malam, kana ji sosai kuwa?"

Matar ta fuskanci mijin yadda ta saba. "Au, likita, wato kunnen maigida kake tambaya?"

Nan Na-Sani ya hau sama. Ido aka kawo ko kunne? In likita ya rasa aikin yi, ya faɗa, a kai matar wani wuri. Shi da yake jin numfashin sauro. Likita ya nuna da biro cewa ɗakin masu duba kunne yana nan daidai tsallaken baranda, ba a ko bin dogon layi. Na-Sani ya bi biron da kallo, ya ga ƙofa, ya ɗauka korarsa ake yi, ya miƙe ya kaɗe riga ya ce dama shi ma ya gaji da zama.

Daga nan aka ɗiga wa Mai-Ɗinki magani a ido, aka zaunar da ita a benci a baranda, aka ce ta rufe idon rabin awa kada ta motsa. Wata nas ta zo ta taɓa kafaɗar Na-Sani, ta nuna masa wata taga ta gilashi can ƙarshen baranda, inda ake yi wa 'yan rakiya bayani.

Matar ta ji ya miƙe. Ta laluba ta kama gefen rigarsa. "Malam, ka jira in buɗe ido mu je tare."

Wannan kam ya gani sarai a bakinta. Ya zare rigarsa. "Zauna abinki. Ɗan bayani ne, yanzu zan karɓo."

A bayan gilashin wata babbar nas ce zaune, ta gaji tun kafin azahar, ga takunkumi, ga fanka tana kaɗawa, ga layi har bakin ƙofa. Abin da ta faɗa, duk wanda yake layin ya ji, ban da mutum ɗaya.

"Malam, saurara da kyau. An canza rana. Baƙon likita Alhamis da asuba zai tafi, don haka aikin matarka ya dawo Laraba, ƙarfe bakwai na safe."

"Haka ne."

"Laraba fa, ba Alhamis ba. In ta wuce, sai bayan wata shida."

"To, madalla."

"Ka gane ko in maimaita?"

"Ai na sani."

Allah ya sani, da ya zaɓi amsoshin da gangan ma ba za su zauna daram haka ba. Nas ta turo littafi ta ƙarƙashin gilashin, ta nuna layi da biro, inda mai rakiya yake sa hannu a kan ya ji bayani. Na-Sani ya zana sa hannu mai jela, ya ci layi uku. Sannan ta miƙo tafin hannu ta ce ya ba ta katin ta gyara ranar. Ya dubi hannun, ya yi murmushin wanda ya san duniya. Ya laluba aljihu ya zaro alewa guda, ya ɗora mata, ya juya ya yi tafiyarsa. Ta ƙwala masa kira sau biyu. Bayansa kawai ta gani, kafin ta miƙe kuma na bayansa ya riga ya cusa tasa takardar.

"Me suka ce?" Mai-Ɗinki ta tambaya a hanya.

To, mutum ba zai ce ya tsaya minti biyar a gaban taga ya dawo hannu rabbana ba. Dole a samo wani abu. Na-Sani ya yi gyaran murya ya fara ƙera dokoki. Kada ta kalli wuta. Kada ta kwanta ta gefen hagu. Kada ta yi dariya, don dariya tana girgiza yana. A lulluɓe keken ɗinki da zane, kada ido ya gan shi ya yi marmari. Kafin su isa gida dokokin sun kai tara, kuma ya fara yarda da su da kansa.

Da yamma Auta ta zo ta saurara, fuska a ɗaure. "Ba takarda, Baba? Ba su rubuta komai ba?"

"Sun ce idon ya nuna, sai tsinka."

"Likita ne ya faɗi haka?"

"Da bakinsa."

"Ka ga bakin?"

Ya yi kamar bai gani ba, wanda a wurinsa daidai yake da bai ji ba. Auta ta raɗa wa uwar cewa gobe za ta leƙa asibitin ta tambaya. Uwar ta riƙe hannunta. "Kada ki kunyata shi. Ga kati nan, Alhamis aka rubuta, ke ma kin karanta."

Matan layin kuwa suka ɗauki dokokin da gaske. Mai zuwa gaisuwa sai ta haɗiye fara'arta tun daga zaure, ta shigo kamar gidan makoki. Wata ta yi suɓutar baki ta ba da labarin ban dariya, sauran suka yi mata caa, suka fitar da ita.

Ranar Talata asibiti ya kira, kuma lambar wa aka bari a fayil? Ta Na-Sani mana, shi da ya ƙwace biro ya rubuta da kansa. Wayar ta yi rawa a ƙirjinsa yana tsakiyar niƙa. Ya kara ta a kunnen hagu, wanda ya mutu tun tuni, ya jira ɗan lokaci ya ce haka ne, ya sake jira ya ce to madalla, ya rufe da ai na sani. Can ɓangaren aka sa alama a gaban sunan: an tunatar.

Ranar Laraba ƙarfe bakwai na safe, daidai lokacin da lasifikar asibiti take kiran sunan matarsa, Na-Sani yana bakin layi ya tara jama'a yana gwajin shiga bas. Shi zai zauna gaba. Matar a bayansa, da mata biyu suna riƙe da ita. Mai-Aski can kujerar ƙarshe, kan taya, saboda bakinsa. Sau uku ya sa aka sauka aka sake hawa, wai ba a shiga da natsuwa ba.

"Wayarka tana ta kuka," Mai-Aski ya ce, yana nuna aljihun.

Na-Sani ya zaro ya duba, baƙuwar lamba, kira na huɗu. "Masu niƙa ne. Su jira, yau ina da babban aiki." Ya kashe wayar gaba ɗaya.

Alhamis bas ta tsaya a ƙofar asibiti da mutum goma sha huɗu. Auta ma ta ɗauki izini ta biyo. Mai-Ɗinki ta yi wanka tun da sassafe, ta sa zanen da ta ɗinka da hannunta lokacin tana gani, ta ɗaure allura guda a bakin mayafi, wai ita ce abin da za ta fara kallo in an kwance mata ido. Na-Sani ya shige gaba yana ɗaga wa masu gadi hannu kamar ya san iyayensu.

Zauren ya yi shiru, rabinsa babu kowa. Waɗanda suke zaune duk da farar auduga manne a ido ɗaya, ana kiransu ɗaya bayan ɗaya ana ɓarewa. Wani dattijo da aka ɓare wa yana ta kallon tafin hannunsa yana hamdala. Auta ta ja ta tsaya tana bin masu audugar da kallo.

"Kun gani?" Na-Sani ya juyo ya ce wa jama'arsa. "An rage mutane saboda mu."

Ya doshi tagar gilashi, ya kwance leda, ya kwance ta biyu, ya ajiye kati da ƙarfi. Babbar nas ta dubi katin, ta dube shi. Ta gane mai alewa. Ba ta yi magana ta bayan gilashi ba, ta zagayo ta fito baranda da littafin a hammata.

"Malam, ina kuka shiga jiya? Sau huɗu muka kira ka."

"Haka ne."

"Likita ya jira ta har ƙarfe tara, sannan aka ba wani gadonta. Yau da asuba ya tafi."

"Ai na sani."

Mutanen layin suka dubi juna. Direba ya cire hula ya sosa ƙeya. Nas ta ƙura masa ido, abin ya fara faɗo mata. Ta ɗaga murya yadda har masu audugar suka waiwayo.

"Malam, ka fahimci cewa matarka ta rasa aikin idonta?"

Na-Sani ya ga an yi tsit, ya ɗauka girmamawa ce. Ya buɗe ƙirji, ya yi murmushi, ya waiwayi jama'a don kowa ya shaida.

"To, madalla."

Wata daga cikin matan ta dafe baki. Daga baya aka ji Mai-Aski ya ja tsaki mai tsawo. Nas ta sa yatsa ta sauke takunkumin zuwa haɓa, ta matso daf da fuskarsa, ta buɗe baki a hankali kamar mai koya wa jariri magana.

"Ji-ya. La-ra-ba. Ya ta-fi."

Wannan kam ya shiga. Murmushin ya tsaya a fuskarsa bai san inda zai sa shi ba. Sai borin kunya ya taso. Ƙarya ne, ba a faɗa masa ba, ga kati, Alhamis aka rubuta, zai kai ƙara har sama, asibitin nan ya lalace tun da aka fara ɗaukar yara aiki. Nas ta buɗe littafin ta ɗaga shi sama, ta juya shi hagu da dama don kowa ya gani. Ga sa hannun nan da jelarsa, ya ci layi uku. Sannan ta sa hannu a aljihun farar rigarta, ta zaro alewar, ko ɓare ta ba a yi ba, ta ɗora masa a kan katin.

"Sai yaushe kuma, 'yar nan?" Mai-Ɗinki ce ta tambaya, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Wata shida, Mama. In an samu gurbi."

Matar ta gyaɗa kai. Ta laluba bakin mayafinta, ta zare allurar nan, ta miƙa wa Auta ta ce ta ajiye. Na-Sani ya matso yana neman fuskarta, domin nan ne kullum yake samun labarin duniya. Shekara goma sha ɗaya, in dai yana wuri, ba ta taɓa magana ba sai ta juyo masa da bakinta. Yau sai ta juya masa baya, ta fuskanci maƙwabta, ta yi magana ba tare da ta ɗaga murya ba.

"Shekara goma sha ɗaya ina zame masa kunne, ban taɓa bari ya kunyata ba. Rabin awa kacal na rufe ido, ya kasa ji mini. Auta, kama hannuna mu tafi."

Babu wanda ya yi dariya, kuma wannan ya fi dariyar ciwo. Na-Sani ya ga mata suna share ido da gefen mayafi. Ya ga Direba ya sunkuyar da kai. Ya ga bayan matarsa yana nisa a baranda, tana jan ƙafa tana laluben bango da hannu ɗaya. Ya juya amsoshinsa uku a baki, ya rasa wadda za ta shiga. Tsoro ya kama shi, na gaske, irin wanda bai taɓa ji a gindin injin ba.

Jama'a suka bi matar zuwa bas ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya tsaya jiran tsarin zama. Ya rage daga shi sai Mai-Aski, a tsaye daidai ƙofar ɗakin masu duba kunne, kati a hannu ɗaya, alewa a ɗayan. Ya kama hannun rigar Mai-Aski, ya yi tambayar da rabonsa da yin irinta tun Auta tana 'yar makaranta.

"Me ta ce?"

Mai-Aski ya juyo ya fuskance shi sosai, ya matsa cikin haske don kada ko harafi ɗaya ya ɓace masa.

"Ai ka sani."